Taurari biyu a ƙirjin jar riga: abin da 1983 ke yi wa magoya bayan Aberdeen

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Kano ko Kaduna ya san sunan Alex Ferguson. Amma in ka tambayi masu sanye da rigar Manchester United daga ina dattijon ya zo musu a Nuwamban 1986, kaɗan ne za su ce maka Aberdeen. Gari ne a gaɓar teku, can arewa maso gabashin Sikotland, an gina shi da dutse mai launin toka, kuma man fetur ɗin Tekun Arewa ne ya raya shi tun shekarun 1970. Man nan da jami'o'in garin guda biyu su suka jawo 'yan Najeriya da yawa can. Ni ma karatu ne ya kai ni a 2013, na dawo gida da takarda, na kuma dawo da son wata ƙungiya da har yau ba a nuna wasanta a gidan kallon unguwarmu.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya fara kai ni Pittodrie, filin wasan ƙungiyar Aberdeen. Baba nake ce masa, yadda muke yi a gida, kuma bai taɓa hana ni ba. Ranar akwai sanyi irin wanda ke shiga ƙashi, iska na kaɗowa kai tsaye daga teku, don filin jifa kaɗan ne tsakaninsa da ruwa. Fararen tsuntsayen teku na ta shawagi a saman kujeru suna jiran a tashi su sauko kan ragowar abinci. Muna tare da jikansa, yaro ɗan shekara goma. Kafin a take wasa Baba ya ɗora yatsa a kan tambarin rigar yaron, inda aka ɗinka taurari biyu, ya ce in dubi waɗannan da kyau, babu wata ƙungiya a ƙasar da ta ci kofin Turai biyu sai su. Daga nan har aka tashi, duk ɗan bayan da ya yi kuskure sai Baba ya girgiza kai ya ambaci Willie Miller, tsohon ɗan bayan ƙungiyar. Yaron bai ce uffan ba. Bai taɓa ganin Miller yana wasa ba, bai kuma taɓa ganin ƙungiyarsa ta ɗaga kofi ko ɗaya ba.

Tsakanin kakan nan da jikansa matsalar Aberdeen take.

Abin da Baba ya gani da idonsa ba ƙarami ba ne. Ferguson ya karɓi ƙungiyar a 1978, a 1980 ya ci gasar lig, karo na farko tun 1965 da kofin ya bar hannun Celtic da Rangers, manyan ƙungiyoyin birnin Glasgow biyu. Ya sake ci a 1984 da 1985. Kofin ƙalubalen ƙasar kuwa sau huɗu ya ɗauka cikin shekara biyar. Amma 1983 ita ce uwa. A gasar Cup Winners' Cup, wadda ake haɗa waɗanda suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu, Aberdeen ta haɗu da Bayern Munich a watan Maris. An tashi babu ci a Jamus. A Pittodrie Bayern na gaba da ci 2-1, sai aka sami bugun tazara, Gordon Strachan da John McMaster suka taho tare kamar sun ruɗe kan wanda zai buga, Jamusawa suka saki jiki, Strachan ya juyo ya ɗaga ƙwallo, Alex McLeish ya sa mata kai. Minti ɗaya bayan nan John Hewitt ya ƙara ta uku.

Wasan ƙarshe aka yi ranar 11 ga Mayu a birnin Gothenburg na Suwidin, da Real Madrid, wadda Alfredo Di Stéfano ke horarwa. Baba yana cikin ɗaruruwan da suka tafi a jirgin ruwa mai suna St Clair, kuma labarin tafiyar ya fi labarin wasan tsawo a bakinsa. An yini ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Eric Black ya ci a minti na bakwai. McLeish ya mayar wa golansa Jim Leighton ƙwallo ta maƙale a ruwa, aka ba da fenariti, Juanito ya farke. A ƙarin lokaci, minti na 112, Peter Weir ya ja ƙwallo ta gefen hagu ya miƙa wa Mark McGhee, shi kuma ya ɗago ta, Hewitt da ya shigo daga benci ya kai mata kai. In aka cire Super Cup, wanda ake haɗa zakarun manyan gasannin Turai biyu, tun daga ranar babu wanda ya sake doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wata gasar Turai. A Disamban shekarar suka doke Hamburg, zakarun Turai, suka ɗauki Super Cup ɗin. Tauraro na biyu ke nan.

Akwai wani abu da ya faru kwana goma bayan Gothenburg wanda nake ganin ya fi kofin kansa tasiri a halin magoya bayan. Aberdeen ta doke Rangers 1-0 ta ɗauki kofin ƙalubale, 'yan wasa na murna a fili, sai Ferguson ya tsaya gaban kyamara ya ce wasan da suka yi abin kunya ne, Miller da McLeish kaɗai suka taka abin kirki. Daga baya ya ba su haƙuri. Amma mutanen garin sun riga sun ji, sun kuma riƙe: a nan ko cin kofi bai isa ba, sai an ci shi yadda ya kamata. Da wannan mudu ake auna kowane koci da ya biyo baya, shekara arba'in ke nan.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne, amma karin maganar bai gaya mana me ya ɓata banar ba. Mafi yawan masu ba da labarin Aberdeen sukan taƙaita shi da cewa Ferguson ya tafi, komai ya rushe. Ban yarda ba. A shekarun nan Dundee United ma ta ci lig a 1983, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na babban kofin Turai a 1984, ta kai wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1987, kuma ba Ferguson ke horar da ita ba. Hearts sai ranar ƙarshe lig ya suɓuce mata a 1986. Ke nan akwai wani yanayi da ya ba ƙananan ƙungiyoyi damar numfashi, kuma yanayin ne ya gushe.

A wancan zamanin kuɗin ƙwallo kuɗin ƙofa ne, kuma har zuwa farkon shekarun 1980 raba shi ake yi tsakanin mai gida da baƙo a wasannin lig. In Aberdeen ta je Glasgow, tana dawowa da kasonta na taron Glasgow. Da aka soke wannan tsarin, kowa ya koma cin abin da filinsa ya tara. Filin Celtic a yau na ɗaukar mutum dubu 60, na Rangers sama da dubu 50, Pittodrie kuwa wajen dubu 20. Na biyu, ɗan wasa ba shi da ikon tafiya kyauta ko kwantiraginsa ya ƙare, sai an biya ƙungiyarsa kuɗi, kuma albashin Ingila bai yi wa na Sikotland nisan da ya yi yanzu ba. Shi ya sa Miller, ɗaya daga cikin 'yan bayan da suka fi iya tsare gida a Turai a lokacinsa, ya yi rayuwarsa ta ƙwallo kaf a Aberdeen, wasa 797. Na uku, Rangers ta shafe ƙarshen shekarun 1970 tana zuba kuɗinta a sake gina filin Ibrox, bayan turmutsitsin 1971 da ya kashe mutum 66, don haka ƙungiyar tata ta yi rauni.

Cikin shekara goma duka ukun suka juye. A 1986 Rangers ta ɗauko Graeme Souness, ta yi amfani da dakatarwar da aka yi wa ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai ta sayo manyan 'yan wasan Ingila irin su Terry Butcher da Chris Woods. Ta ci lig sau tara a jere daga 1989 zuwa 1997. A 1992 aka kafa gasar Firimiya a Ingila da kuɗin talabijin, aka kuma buɗe gasar Zakarun Turai a sabon fasalinta. A Disamban 1995 kotun Turai ta yanke hukuncin Bosman, ɗan wasa ya sami 'yancin tafiya kyauta in kwantiraginsa ya ƙare. Ko kofin da Aberdeen ta ci a Gothenburg an soke gasarsa a 1999.

Sau ɗaya Aberdeen ta kusa taɓa lig bayan Ferguson. Ranar ƙarshe ta kakar 1991 ta je Ibrox tana buƙatar kunnen doki kawai. Mark Hateley ya zura mata biyu. Ranar 11 ga Mayu ce, shekara takwas cif da Gothenburg, kuma Baba ba ya son a haɗa masa ranakun biyu a zance ɗaya.

Ga yadda lissafin yake a yau. A kakar 2023 zuwa 2024 kuɗin shigar Celtic ya haura fam miliyan 120, na Aberdeen bai kai miliyan 25 ba, alhali ita ma ta buga wasannin rukuni a Turai a kakar. Yarjejeniyar talabijin ta ƙasar baki ɗaya tana kawo kusan fam miliyan 30 a shekara, a raba wa kowa, yayin da ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiyar Ingila ke tashi da sama da miliyan 100 ita kaɗai. Ƙungiyoyi 12 ne a gasar, wasa 38, don haka kana iya karawa da Celtic sau huɗu, Rangers sau huɗu a kaka guda. A gasar kofi sa'a na iya yi maka aiki rana ɗaya. A wasa 38 kuɗi ne ke magana. Daga 1985 zuwa 2025, shekara arba'in, babu wanda ya ɗaga kofin lig sai ƙungiyoyin Glasgow biyu, kowace da kofi 55 a tarihinta zuwa lokacin. Aberdeen na da huɗu.

Kuma taron Glasgow ba na Glasgow kaɗai ba ne. Celtic ta samo asali ne a 1887 cikin baƙin haure 'yan Katolika daga Ayalan, Rangers kuma ta zama tutar 'yan Furotesta masu biyayya ga masarautar Birtaniya, saboda haka goyon bayansu ya zama gado na addini da asali da ya ratsa ƙasar. Ranar wasa za ka ga motocin bas na tashi daga garuruwan arewa, har da Aberdeen kanta, ɗauke da mutanen da suka tsallake filin garinsu suka nufi kudu. Wannan ciwon ban buƙaci a fassara mini shi ba, don na san yadda tsofaffin magoya bayan Pillars ke ji in sun ga yaran unguwa sun fi sanin benci na Arsenal a kan sha ɗayan farko na ƙungiyar garinsu. Mu ma ta ƙofar Glasgow muka san ƙwallon Sikotland: Efe Ambrose ɗan Kaduna a Celtic, Joe Aribo da Calvin Bassey a Rangers. Sone Aluko, wanda ya ci wa Aberdeen ƙwallo a ragar Bayern a 2008, shi ma daga baya Rangers ya koma.

Sai dai ba zan ɗora komai a kan kuɗin Glasgow ba, domin akwai raunukan da Aberdeen ta ji wa kanta. Ba kuɗin Celtic ne ya sa ta ƙare a ƙasan teburi a 2000 ba, inda faɗaɗa gasar da rashin cikar sharuɗɗan filin Falkirk, ƙungiyar da ke neman haurowa daga mataki na biyu, suka cece ta daga faɗuwa. Ba shi ne ya sa Darvel, ƙungiyar wani ɗan ƙaramin gari da ke mataki na shida, ta fitar da ita daga kofin ƙalubale a Janairun 2023 ba, kwana biyar kafin Hibernian ta yi mata 6-0. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 2012. Bashi ya durƙusar da Rangers, aka rushe kamfaninta, ta koma farawa daga mataki na huɗu, ba ta dawo ba sai 2016. Bango ya tsage. A dokar gasar, manyan sauye-sauye sai da ƙuri'a 11 cikin 12, wato in ƙungiyoyin Glasgow biyu suka haɗa kai babu abin da zai wuce. Da babu Rangers, an kawo shawarar sassauta dokar, kuma rahotannin lokacin sun nuna Aberdeen ce ta bi bayan Celtic aka kayar da ita. Ƙungiyar da take ganin kanta a matsayin babba ta zaɓi ta tsare kujerar manya maimakon ta haɗa kai da sauran. Ina ganin 1983 na da hannu a wannan ƙuri'ar.

Derek McInnes, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 2013 zuwa 2021, shi ya fi kowa shan wahalar mudun Ferguson. Ya ci League Cup, ɗaya kofin na cikin gida, a Maris 2014, kofi na farko tun 1995, ina cikin wajen mutum dubu 40 da suka yi ayari zuwa Glasgow ranar. Ya zo na biyu a lig sau huɗu a jere. A 2017 ya haɗa maki 76, amma Celtic ta haɗa 106 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta kuma ƙwace masa kofin ƙalubale da ƙwallon Tom Rogic a mintunan ƙarshe. Duk da haka, a shekarunsa na ƙarshe ƙorafi ya fi godiya yawa a Pittodrie. Bayan tafiyarsa aka shiga canjin koci kamar canjin riga: Stephen Glass, Jim Goodwin, Barry Robson, sai Neil Warnock da ya yi wata guda da 'yan kwanaki.

Shugaban ƙungiyar tun 2019, Dave Cormack, ɗan garin ne da ya yi arziki a Amurka, kuma tsarin da ya kawo shi ne wanda kusan duk ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi ke bi yanzu: a sayi yaro da araha ko a rene shi, a goge shi, a sayar da tsada. Calvin Ramsay ya tafi Liverpool a 2022, Lewis Ferguson ya tafi Bologna a shekarar, Bojan Miovski ya tafi Girona a 2024. A takarda dabara ce mai kyau, kuma ban ga wata hanyar ba. Amma dubi abin da take yi wa mai goyon baya. Baba ya kalli Miller da McLeish suna tsaye kafaɗa da kafaɗa fiye da shekara goma. Jikansa kuwa duk ɗan wasan da ya fara so, ya san nan da kaka biyu za a sayar da shi, kuma iya ƙwarewarsa iya saurin tafiyarsa. Miovski, wanda suka rera wa waƙa shekara biyu, ya dawo Sikotland a 2025 sanye da shuɗiyar rigar Rangers.

Sai ga kakar 2024 zuwa 2025, wadda ta tattara duk wannan a wuri ɗaya. Sabon koci Jimmy Thelin, ɗan Suwidin, ya ci wasa 13 na farko a jere. A lig ya haɗa maki 31 daga wasa 11, kafaɗa da kafaɗa da Celtic, har dattawa suka fara furta 1985 a bainar jama'a. A farkon Nuwamba Celtic ta yi musu 6-0 a wasan kusa da na ƙarshe na League Cup, ba da jimawa ba suka shiga jerin wasa 14 na lig babu nasara, suka ƙare a na biyar. Kwana goma kafin su haɗu da Celtic a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Celtic ɗin ta zo har Pittodrie ta yi musu 5-1.

Ranar 24 ga Mayu 2025 na kalli wasan a waya, zaune a kan tabarma a tsakar gida, don agogonmu da nasu ɗaya ne a wannan lokacin na shekara. Thelin ya sauya tsari ya tara mutum biyar a baya. Ɗan bayan Aberdeen Alfie Dorrington ya ci gida kafin hutun rabin lokaci, na ce shi ke nan. Minti bakwai ya rage Shayden Morris ya turo ƙwallo daga dama, golan Celtic Kasper Schmeichel ya taɓa ta ta faɗa ragarsa. Ana dab da tashi Daizen Maeda na Celtic ya tsere shi kaɗai, daga shi sai golan Aberdeen Dimitar Mitov, Mitov ya tare. A bugun fenariti ya kaɗe na Callum McGregor da na Alistair Johnston, aka tashi 4-3. Kyaftin Graeme Shinnie, haifaffen garin, ya ɗaga kofin da rabon Aberdeen da shi tun 1990. La'asar ta yi nisa kafin na iya tashi daga tabarmar.

Wasan bai yi kyau ba, in da mudun Ferguson za a auna. Celtic ce ta riƙe ƙwallo kusan duk yinin, Aberdeen ba ta ci ko ɗaya da ƙafar ɗan wasanta ba sai a fenariti. Bai kuma canja ko kwabo a lissafin da na zayyana a sama ba. Abin da ya canja shi ne yaron nan mai shiru, wanda yanzu ya haura shekara ashirin, ya sami ranar da shi ma zai ce ina wurin. Ya turo mini hoto daga filin Hampden, inda aka buga wasan, fuskarsa jiƙe, ya rubuta kwanan watan kawai a ƙasa.

Sabuwar kaka ta zo da wuya. Aberdeen ta buga wasa shida na farko a lig ba ta zura ko ɗaya ba, AEK ta yi mata 6-0 a Atina, a Janairun 2026 aka sallami Thelin, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan ya kawo kofin. Na kira su a makon. Baba na ganin an yi daidai, har ma an makara, don a wurinsa Aberdeen da ke ƙasan rabin teburi ba Aberdeen ba ce, ko wane kofi ke cikin kabad. Jikan ya karɓi wayar ransa a ɓace, ya ce mutumin da ya ba su Hampden ya cancanci a bar shi ya ƙarasa kakar. Na lura yana faɗin Hampden da irin muryar da kakansa ke faɗin Gothenburg.

Ni dai ina bayan yaron a wannan gardamar. Ferguson kansa bai ci komai ba a kakarsa ta farko a Pittodrie, ya kuma sha kashi a wasan ƙarshe na League Cup sau biyu a jere kafin ya ɗaga kofin farko. Na tuna wa Baba haka. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai wancan yana da Miller.